Ranar da hanyar Kufena ta ɓace mana cikin dawa

Likita ne ya jawo min wannan tafiyar. Ya auna ni yace jinina ya ɗan hau, in rage gishiri in kuma dinga tattaki kullum ko da na minti 30 ne. To a ina? Duk wanda ya san Tudun Wadar Zariya da safe ya san ba wurin tattaki ba ne, keke ta gogi kafaɗarka, ɗan acaɓa ya danna maka hon a kunne, in kace bari ka miƙe ta Kwangila kuma hayaƙin tireloli kaɗai ya isa ya ƙara maka wani ciwon a kan wanda kake da shi. Sati biyu na gwada na haƙura. Sai na tuno muna aji uku a sakandare an taɓa kwasarmu zuwa Dutsen Kufena, kuma abin da ya fi zauna min a rai ba dutsen ba ne ma, hanyar ce, wata jar hanya mai faɗi tsakanin gonaki wadda amalanken shanu ke wucewa bai taɓa shukar kowa ba, iska na kaɗa ka kana shaƙar ƙamshin ƙasa.

Na kira Kawu, ƙanin mahaifiyata, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, shi indai an ce gona to ko zazzaɓi yake zai miƙe. Na kuma ja abokina Bakano mai shago a Sabon Gari, shekararsa 9 a Zariya amma bai taɓa wuce PZ da ƙafa ba, aikinsa kullum tsokanar Zage-zagi wai a maganarmu ba mace ba namiji kowa "shi" ne. Asabar ce, farkon Oktoba, ruwa ya fara janyewa. Tun a waya Kawu yace "In mun isa mu fara zuwa gaida mai unguwa." Nace haba Kawu, dutsen Allah ne fa, ba gidan wani za mu shiga ba, kuma ni na san hanya. Ku riƙe min wannan maganar, za ta dawo.

Bakwai saura muka sauka a Wusasa bayan mun bi ta Ɗan Magaji. Wusasa kanta wurin tsayawa ce ga mai lokaci, ga tsohon cocin nan na ƙasa da aka gina a 1929 da irin gininmu na Hausa, ga asibitin mishan, nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, amma mu dutsen muke hange yana zaune a gabanmu kamar giwa ta durƙusa. Muka sayi ƙosai da ruwa muka kama hanya, ina gaba ina ta cika baki.

Ba mu yi minti 20 ba hanyar ta ƙare. Wallahi ƙarewa ta gaske, katangar bulo ce ta gitta ta, sabuwa ko filasta babu, an rubuta da jan fenti wai filin ba na sayarwa ba ne, da na leƙa ciki ba komai sai ciyawa da tulin yashi da wata rijiya da aka fara aka watsar. Bakano yace "Ranka ya daɗe jagora, ko dutsen ma kun yanka shi fuloti-fuloti ne?" Muka zaga ta dama, wata katangar. Muka zaga ta hagu sai ga wata 'yar siririyar hanya kamar ta awaki ta shige cikin dawa. Nace yauwa ga ta nan, alhali a raina na san ba ita ba ce.

Wanda bai taɓa shiga gonar dawa a Oktoba ba ba zai gane ba. Ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, ta fid da kai zangarniya ta fara nauyi, ganyen na yankar hannu kamar reza, raɓa ta jiƙa mu sharkaf, ba ka ganin dutse ba ka ganin gabas ba ka ganin yamma. 'Yar hanyar ta yi ta tsukewa har ta zama kwarin kunya kawai, daga nan ta ɓace ɓat. Ni kuma maimakon in ce mu juya sai girman kai ya sa na fara tsallaka kunyoyi wai zan yanke, ashe ƙarƙashin dawar wake ne shimfiɗe yana tsakiyar fure, kambas ɗina na ta murƙushe shi ban ma duba ƙasa ba. Kawu na baya yana ta "Kai yaro bi kwari! Bi kwari nace!"

"Wane ne nan?"

Wani dattijo ne da lauje a hannu, bayansa samari biyu ɗaya riƙe da gora, ba wanda ke murmushi. Gaskiya cikina ya ɗuri ruwa. A wannan zamanin, baƙi uku cikin gonar mutum da sassafe, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, Bakano kenan, ba sai an gaya maka abin da za a zata ba, infoma. Mutanen karkarar Zazzau sun sha wuya a hannun masu garkuwa da mutane, ba mai ganin laifinsu in sun zargi baƙuwar fuska. Kawu ne ya cece mu. Ya matso ya yi sallama cikakkiya ya ɗan rusuna, yace "Sannu da aiki Malam, ya damina, ya iyali? Ɓatan kai muka yi, dutse muka nufa, ɗan nan nawa ne yace ya san hanya." Sai ya janyo zangarniya ɗaya ya duba yace kaura ce ko farafara, ya hau tambayar sau nawa aka sa mata taki, ƙuduji bai dame ta ba bana? Kafin minti biyar lauje ya koma kafaɗa.

Amma ni dattijon bai ƙyale ni ba. Ya kama hannuna ya mai da ni baya yana nuna min sawuna ɗaya bayan ɗaya, yaɗon wake a kakkarye, fure a zube, na ƙirga kunya 14 da na tsallaka. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi "Ɗana, waken nan sau biyu na yi masa feshi, kuma bashi na ci na sayi maganin." Nace Baba a yi haƙuri dan Allah, nawa zan biya? Yace in bar zancen kuɗi in zo mu zauna.

Gindin wata ɗorawa yake da shimfiɗa, buhun taki da aka farke, buta, da 'yar rediyo rataye a reshe. Abin da Baba ya gaya mana a nan ya fi min hawan dutsen amfani don haka zan ɗan jima a kai. Yace shi bai ƙi baƙi ba, tun yana yaro ake zuwa hawan Kufena, ɗaliban jami'a daga Samaru, 'yan makaranta, har Turawa a da. Lokacin akwai hanya, kowa ya bi ta ya wuce ku gaisa. Yanzu da aka toshe ta sai kowa ya ƙirƙiri tasa, kuma duk a gonarsa suke faɓowa don ita ce ke kallon ɓangaren da dutsen ke da sauƙin hawa. In masara ta yi goyo samari su zo su goma sha biyar, kowa ya karya biyu yace ai biyu ce kawai, su hau sama su gasa. "Biyu sau goma sha biyar nawa kenan Malam? Kuma duk Asabar." Ledar fiya wata da ta biskit su watsar, iska ta kwaso ta ta zuba cikin gona, dabba ta ci. Yace tunkiyarsa ɗaya da ta yi ta ramewa har aka yanka, ledar da aka ciro a tumbinta ta kusa cika kwano. Wanda ya fi ƙona masa rai kuwa wata shekara ce ƙarshen Disamba, ya gama girbi ya tara kara zai sayar, wasu suka hura wuta a gindin dutse za su dafa indomi, iskar hunturu ta ɗauka. Ko sannu ba wanda ya tsaya yace masa.

Na yi tsit, don na tuna zuwanmu na sakandare mun tuge gyaɗar wani bawan Allah muna dariya.

Kawu dai tsohon ma'aikaci ne, bai bari aka tafi a haka ba. Yace "Malam tsakaninka da Allah, katanga ce kaɗai ta cinye hanyar nan? Don ni na ga kututturen bini-da-zugu can cikin dawarka, kunya huɗu daga bakin hanya, kuma ba a shuka bini-da-zugu a tsakiyar gona." Dattijon ya yi dariya har da tari. Yace to ai kowa ma ya ci. Shekarar da maƙwabcinsa na ɗaya gefen ya ƙara kunya ɗaya shi ma ya ƙara ɗaya, don in bai ƙara ba wancan zai lanƙwame duka, baɗi aka sake, haka haka har amalanke ya daina wucewa sai mashin, yanzu mashin ɗin ma sai da rani. Kawu yace "Wato kun ci kunya ba ku ji kunya ba." Har samarin nan sai da suka dara. Da ni na faɗi haka da na sha gora, amma su sa'anni ne.

Kuma in ka saurare shi ba mugunta ba ce. Gonar mahaifinsu ce aka raba su bakwai, tasa ma za a sake rabawa, taki ya yi tsada, gari kuma sai matsowa yake. Mai kuɗi ya zo daga Tudun Wada ko Kaduna yana neman fuloti, dillali ya ja tef, mai gona ya haɗa masa har da hanyar a cikin awo don ba wata takarda da ta ce nan hanya ce. Nan Kawu ya sa yatsa a kan gyambon. Yace dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka, to fuloti yana da takarda, gona ma tana iya samu, ita hanyar ƙafa marainiya ce, shaidarta tana cikin kan tsofaffi ne kawai, tsoho ɗaya ya rasu taku ashirin ya tafi da shi. Ni ban taɓa tunanin abin ta nan ba, kuma ina da fuloti a bayan gari da ban taɓa tambayar ko wata hanya na danne ba.

Baba ya nuna mana da laujensa inda burtali ya bi a da, daga tudu ya gangara har mashaya. Yace kafin ruwan shuka dagaci da arɗo da wakilin hakimi kan bi shi da ƙafa suna dubawa, wanda ya shiga ko da taku ɗaya ne a sa shi ya janye. Kawu yace har doka an yi a 1965 zamanin Jihar Arewa kan makiyaya. Yanzu shanu kwalta suke bi ko su bi ta gonar mutum a yi rigima. Da an gama girbi kuma a da gona ta zama ta kowa, yara su yi kala, mata su yi itace, shanu su ci kara su bar taki, har manomi ya roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa. Yau kara kuɗi ne, harawa kuɗi ce, ba mai sakin gonarsa haka nan.

Daga nan ne Kawu ya ɗauko labarin Ingila. Ya taɓa zuwa kwas can a tsakiyar shekarun 1990 kuma duk zama sai ya kawo, mu 'yan gida mun haddace, amma ranar ce na fara saurarensa da kunnen gaske. Yace can za ka ga hanyar ƙafa ta ratsa tsakiyar gonar alkama, ga ɗan turke da kibiya ruwan ɗorawa tana nuna maka inda za ka bi, in kibiyar shuɗiya ce to har mai doki da mai keke. In ka iso shinge akwai ɗan matakalin katako, mutum ya taka ya tsallaka, tunkiya ba ta iyawa. Kowace hanya tana cikin taswira a ofishin hukuma. Manomi na da damar ya nome ta in tsakiyar gona ta bi, amma cikin kwana 14 sai ya maido da ita, faɗinta kada ya gaza mita ɗaya, kai kuma mai tafiya in ka sauka daga kanta ka shiga shuka kai ne mai laifi. Yace kuma kada mu ɗauka daga sama abin ya faɗo musu, a 1932 ma'aikata daga Mancesta suka yi gayya suka hau wani tudu da ake kira Kinda Sikawut da masu ƙasa suka hana hawa, har aka ɗaure wasu daga cikinsu, sai a 2000 aka yi dokar da ta buɗe duwatsu da dazuzzukan da ba a nomawa. Sikotilan ta yi tata a 2003 ta fi faɗi, amma ita ma ba ta yarda ka taka shuka ba, gefen gona za ka bi.

Baba ya saurara tsaf yana sakace. Da Kawu ya gama sai yace "Malam, shi manomin naku na can eka nawa gare shi?" Kawu yace da yawa, wani ɗaruruwa. Yace "To ka gani. Mita ɗaya a gonar Bature ba komai ba ce. Mita ɗaya a tawa daga nan zuwa can tiya nawa ce ta dawa? Tuwon kwana nawa ne? In aka karya masa masara yana da inda zai kai ƙara, ni wa zan kai wa?" Kawu bai da amsa, ni ma haka. Ni a ganina dukansu biyun suna da gaskiya, sai dai gaskiyar Baba ta fi nauyi don shi ne ke biya. Mu 'yan gari muna son iska mai daɗi da hoton sa wa a Facebook, shi kuma asarar wake kunya 14.

Ya kira jikansa, yaro ɗan kamar shekara 13, yace ya raka mu. Kai, ashe hanya tana nan! Ba wacce na sani ba, wata ce da aka ɗinka daga iyakokin gonaki, nan ka bi layin gamba, can ka bi tsakanin aduruku da bini-da-zugu, ka karya kwana a gindin kaɗanya, faɗinta bai fi tafin ƙafa biyu ba amma ba mu taka ko ganye ɗaya ba. Yaron na gaba yana kwaɗa sallama tun kafin mu iso kowace gona, "Baƙin Baba ne, dutse za su!" a amsa daga cikin dawa ba ka ma ga mai maganar ba, "A sauka lafiya!" Wani yana cirar gyaɗa ya miƙo mana damƙi ɗaya da ƙasarta, irin gyaɗar da da mun tuge da kanmu sata ce.

Akwai wani kwazazzabo da ruwa ya ci, an gitta azara biyu a kai. Nan muka tsaya muka ba wasu mata hanya, uku da itace a ka, da wata 'yar Fulani da ƙwaryar nono tana tafiya a kan azarar nan kamar a tsakar ɗakinta, Bakano kuwa da rarrafe ya haye yana salati. Babbar cikinsu ta tsaya suka gaisa da Kawu, da ta ji zancen da muke sai tace "Alhaji ku yawo ne ya kawo ku. Mu tun da aka gina katangar nan in mace na naƙuda sai an zaga da ita ta can baya a mashin kafin a kai asibiti, 'yan makaranta ma da damina sai sun tuɓe takalmi." Ta gyara gammonta ta wuce. Ni da na fito ina jin kamar ni aka tare wa hanya, sai na ji na ƙanƙance.

Hawan kansa ba zan cika ku da shi ba. Dutsen na da santsi inda ruwa ya bi, ƙadangaru ko'ina, 'yan kwarmin dutse cike da ruwan sama, numfashina kamar zugazugi, Kawu mai shekara kusan 70 ya riga mu. Sau uku Bakano yana cewa a bar shi a nan a gaya wa iyalinsa ya yafe musu.

Amma sama kam ta biya. Ga birnin Zariya shimfiɗe da rimayenta, ga Tudun Wada, ga Sabon Gari, can nesa ta Samaru dogon benen jami'a ya fito cikin hazo. Kawu ya nuna mana ragowar tsohuwar ganuwa da ta zaga gindin dutsen, in ba a nuna maka ba kace tudun ƙasa ne kawai. Masana tarihi na cewa daga Turunku aka taso aka zauna nan Kufena kafin a kafa birnin da muke ciki, zamanin Bakwa Turunku da 'yarta Amina, ɗaruruwan shekaru kenan mutane na hawa da sauka a wurin nan. A kan dutsen kuma ga sunaye da fenti, wane yana son wance, ga gwangwanin lemo, ga leda, ga toka da totuwar masara, shaidar maganar Baba. Kawu ya zaro buhu daga aljihun jamfarsa, ashe da shirinsa ya zo, yace ba mai sauka sai ya cika.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne daga sama ana ganin tsohuwar hanyar sarai. Layin itatuwa da shinge ya nuna ta tun daga bakin gari har gindin dutse, kamar zare a jikin tufa, an tsinke shi wuri huɗu, biyu katanga biyu shuka. Huɗu kawai. Daga ƙasa na ɗauka ta mutu gaba ɗaya, ashe yawancinta na nan da rai, kulli huɗu take nema.

Da muka sauko yaron ya bi da mu ta ƙofar gidansu, mahaifiyarsa na da tiren dafaffiyar gyaɗa da kunun zaƙi, muka saya muka zauna kan dakali. Nan kan Bakano na kasuwa ya kunna. Yace ku Zage-zagi kuna zaune kan kuɗi kuna karatu, da a Kano ne da tuni an kafa rumfa a bakin hanyar nan, gyaɗa, rake, gasasshiyar masara a lokacinta, ruwan sanyi, yara masu rakiya kowa da layinsa, wanda zai karya masara biyu ya saya biyu, manomin da ke korar baƙi shi zai dinga share hanyar da kansa. Na so in musa don kada Bakano ya ci nasara a kaina, amma gaskiya ya faɗa. Muddin baƙo asara kawai yake kawowa to za a ci gaba da matse hanya, kuma da hujja.

Ni abin da na gani bai kai a kira shi aikin miliyoyi ba. A zauna da mai unguwa da masu gonakin a amince ga inda hanya za ta bi, ko da ba tsohuwar ba ce, a kafa turaku a shafa musu fenti, a dasa bini-da-zugu gefe da gefe tun da dabba ba ta cinsa, a sa kwalbati a kwazazzabon nan, sannan abin da ya fi komai a rubuta ta a ƙaramar hukuma yadda dillali ba zai sake haɗa ta cikin awo ba. Wanda aka ci kunyarsa a biya shi, ba a ce ya yi don Allah ba alhali mu muna zuwa da lemon gwangwani. Daga Yuli zuwa girbi kuma baƙo kada ya shiga sai da ɗan rakiya. Abu ɗaya nake tsoro, kada a ce za a gyara a ƙare da geti da wani ƙato mai rasit yana karɓar kuɗin da ba zai taɓa isa hannun Baba ba, matan itace ma a ce su biya. In haka ne gara azara biyun.

Mun je gaida mai unguwa daga ƙarshe, Kawu ya ƙi yarda mu tafi ba mu je ba. Kafin mu zauna yace "Ku ne masu tattake wake?" Ashe labari ya riga mu tun hantsi, har 'yan sintiri an gaya wa su sa ido. Ya dube ni yace "Ɗana kun ƙare da inda ya kamata ku fara. Da kun biyo nan da yaro zan haɗa ku da shi tun farko." Kawu bai ce komai ba, kallona kawai ya yi, kallon ya ishe ni. Da na kawo zancen turaku da rubuta hanya sai mai unguwa yace shekarunsa a kan wannan shimfiɗar duk ɗan gari da ya zo masa zancen ƙasa fuloti yake nema, ni ne na farko da ya zo neman hanya, kuma ni ma sai da na ɓata.

Mun koma ta gonar Baba don mu yi sallama, wannan karon ta kwari. Yana ɗaure harawar gyaɗa. Na sake kawo zancen biya ya sake ƙi, yace in dawo bayan girbi in ga ko waken ya farfaɗo, in bai farfaɗo ba in zo masa da goro. Kawu yace "To Malam, baɗi za ka sakar wa hanya kunya ɗaya?" Ya ja igiyar ya ƙulle, ya tofa yawu a hannu, ya kalli gonar maƙwabcinsa ta tsallake ya daɗe yana kallo.

"In ya saki tasa," yace. "Amma shi zai fara."